Maƙerin Bokitin da Ya Ƙi Sirki

Tunda ka dage cewa duk abin da aka gauraya algus ne, bari in ba ka misalin wani maƙerin bokiti. Mutum ne mai tsantseni, ko nono zai saya sai ya tsoma yatsa ya ga ko an yi masa ruwa. Sunan da ya yi kuwa a kunnen bokiti ya yi shi, don mata sun san in dai nasa ne, ko gindin ya huje kunnen na nan daram. Da ya samu injin waldar ɗigo, mai baki biyu da ke matse kwano su haɗe shi da wuta, don ya riƙa liƙa kunnen bokiti da shi, mai sayarwa ya ce masa kwano mai rufin tutiya irin na bokiti sai baki mai tauri, wato jan ƙarfen da aka yi wa ɗan sirki da wani ƙarfe. Jin kalmar sirki kaɗai ya ishe shi. Ya ce ba za a cuce shi ido na ganin ido ba, ya je ya ƙera bakin da jan ƙarfe tsantsa.

Da fari abin gwanin sha'awa. Ana nan sai ya lura bakin nan ja ya koma rawaya, ya baje kamar kan tsohuwar taɓarya, yana ta manne wa kwano. Abin ya ɗaure masa kai. Ya goge da magagari, jan ya dawo, kafin wani lokaci rawayan ya sake fitowa. Ya juya shi a rana, ya shinshina, har ya ɗan lasa. Daga ina rawaya, alhali ba mai taɓa injin sai shi? Da ƙyar ya gano ashe tutiyar kwanon ce ke narkewa tana shiga jan ƙarfen. Tsantsa kuwa laushi gare shi, da ya sha wuta sai ya baje, wutar ta warwatsu, ɗigon ya kama sama-sama. Daɗin ganowar ya sa shi dariya shi kaɗai. Bai rufe baki ba wata mata ta iso da igiya a hannu, mariƙin bokiti na lilo da kunnuwansa biyu, bokitin kuma yana can ƙasan rijiya. Ta ce, "Malam, anya wannan aikinka ne?" Ya tuna yawan bokitan da suka riga suka shiga gari da irin wannan ɗigo.

Ya ƙi sirkin da aka auna masa, wuta ta yi masa wanda ba a auna ba. Shi ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.