Takardu Biyu a Kan Tabarma

Najiba tana ɓare masara a zaure Mahadi ya yi sallama. Shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasarsa, bana ma bai samu gurbin karatun ƙwarewa a likitanci ba. Ya ajiye takardu biyu a kan tabarma.

"Wannan ta Abuja ce, aikin ofis, babu duba marar lafiya. Babanku ya ce in na karɓe ta, a sa mana rana. Wannan kuwa ta wani ƙaramin asibiti ce can bayan Mahuta, ba su da likita."

"Wacce ranka ke so, Likita?"

"Ke nake so."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Ya kai idonsa kan ta biyun.

Ta daɗe tana juya totuwa a hannu. "Innarmu a hanyar Funtuwa ta cika, a bayan a-kori-kura, tana naƙuda. Ni na riƙe mata kai."

"In Baba ya fasa fa?"

Ta tura masa takardar ƙauyen. "Sa hannu. Gobe zan roƙi Gwaggo ta shiga wurinsa. In ya ƙi, zan jira."