Tabo a Kan Kaza da 'Ya'yanta

Ranar Talata da hantsi Injiniya ya fara ganin tabon. Ya buɗe hoton Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da ya kwashe wata huɗu yana ɗauka daga saman rufin gidansa, ya jawo kujera, ya runtse idon hagu kamar yadda ya saba tun zamanin da yake leƙa madubin awon filaye. Sai ga wani dishi-dishi, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo, zaune daram a kan tauraruwar da ta fi haske.

Saura kwana uku a rufe karɓar hotunan gasa. Ya goge fuskar kwamfutar da hannun riga. Tabon ko gezau.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kwamfutar nan bayan shi: mijin 'yarsa, da ya zo ranar Lahadi ya sabunta masa manhajar gyaran hoto, ya kuma zauna shi kaɗai a ɗakin lokacin da Injiniya ya fita alwala. Injiniya ne ya koya masa harkar. Bana kuma shi ma ya shiga gasar, da hoton waɗannan taurarin dai. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai Injiniya ba ya aiki da ka. Duk matakin gyaran da ya gama, sai ya adana shi daban, da lamba da kwanan wata, don in abu ya ɓaci ya san inda zai koma. Ya buɗe na goma sha biyu, inda ya daidaita launi. Tabo. Na tara, inda ya wanke hatsi-hatsin duhun sama. Tabo. Na huɗu, inda ya haɗe hotuna ɗari uku suka zama ɗaya, nan ma yana nan. Ya duba wata ƙaramar tauraruwa can gefe, ita ma an shafa mata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya tsura wa ido an taɓa ta. Wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa, kuma bai yi gaggawa ba.

Ya tura wa surukin hoton, ya bi shi da waya.

"Baba, wallahi sabuntawa kawai na yi. Ga shi ma ina kallo, hoton nan tas yake. Ni kam na haƙura da gasar bana."

Injiniya ya kashe wayar ba sallama. Daɗin baki.

Saura wuri ɗaya. A cikin durowa akwai 'yar na'urar ajiya da yake zuba ɗanyun hotuna, yadda suka fito daga kyamara, babu hannun kowa. Ya ciro makulli daga aljihu, ya ɗauko ta ya jona da kwamfutar, ya buɗe hoton farko na watan farko, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

Tabon na nan.

Makullin durowar biyu ne, ɗayan yana hannun matarsa. Ita ce kullum ke cewa surukin nan ɗa ne, a riƙa ɗaga masa ƙafa. Ita ce kuma ta ce taurarin nan sun zama masa aure na biyu.

Ya ƙwala mata kira. Ta shigo tana share hannu da gefen zane, ta sunkuya ta bayan kafaɗarsa ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, ni fa taurari kawai nake gani. Wane tabo?"

Shekara talatin da takwas bai taɓa kama ta da ƙarya ba, yau ga ta tana yi masa ba ko rawar murya. Ya juyo a fusace, idon hagun har yanzu a runtse, yana so ya kalli tsabar idonta ta maimaita.

Ya tsura mata ido. Tabon na zaune daram a tsakiyar fuskarta.