Kukan da Na Hana Inna

Ni ban yi makaranta ba, amma na taɓa shiga aji sau ɗaya, kuma sai da jini ya zuba.

A nan Makka ne, ina 'yar shekara tara. Inna ce ke share wata makarantar 'yan mata, ni kuma ina bin ta. Ranar da za a tafi hutun sanyi, malama ta shirya wasa: a ɗaure ƙafafun yara bibbiyu da ɗankwali, su yi tsere cikin aji. Yarinya ɗaya ta rasa abokiya, sai aka jawo ni.

Ana gama ɗaure mu yarinyar ta toshe hanci, ta tofa mini yawu. Wallahi ban san sanda na gabza mata kai a baki ba. Muka zube ƙasa, tana ihu, ba halin gudu tunda ƙafarta na ɗaure da tawa. Na jibge ta son raina har haƙori ya fita.

Inna ta shigo da tsintsiya, ta rufe ni da duka gaban kowa. Tana duka tana raɗa mini da Hausa: "Yi kuka, 'yar nan, su ji su huce. Abincinmu ne fa."

Na ƙi. Na kafe malama da ido har tsintsiyar ta watse. A ranar suka sallami Inna.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, har yau ina taƙama ba su ga hawayena ba. Amma abu ɗaya tak Inna ta taɓa roƙona a duniya, na hana ta.