Tabawa Ta Mayar da Gadon

Tun da aka kafa dokar, kowane jariri a gadon hukuma yake barci, rigingine, shi kaɗai. In numfashinsa ya tsaya, gadon ya yi ƙara.

Tabawa ta ɗoro nata gadon a ka ta mayar asibiti.

"Bai yi ƙara ba ne, baiwar Allah?" in ji ma'aikaciyar asibitin.

"Ya yi. Ɗan fari ne, ga surukaina zaune. Na ji kunyar tashi da gudu, na jira wani ya tashi."

Ma'aikaciyar ta taɓa gadon, sai gadon ya ce, "A goge numfashin jariri Mudi da na naɗa?"

"Don Allah, bari in saurara sau ɗaya."

"Yi haƙuri, Yaya. Ga mai ciki nan tana jiransa."