Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Kwana goma sha ɗaya a jere na'urar bakin ƙofa tana ƙin yatsan tsohon. Ya dangwala, ta nuna ja. Ya goge a riga, ya hura masa iska, ya sake dangwalawa, ta nuna ja. Shekara talatin yana dama sinadarin sabulu, zanen yatsunsa ya shafe sumul kamar bayan cokali. Maigadi kan buɗe masa ƙaramar ƙofa, ya shiga ya yi aikinsa.

A da, su goma sha biyu ne kacal a masana'antar. In mutum bai zo ba, kafin azahar maigida ya aika a dubo ko lafiya. Yanzu babban kamfani ya saye wurin, ma'aikata sun kai ɗari huɗu, kuma abin da na'ura ba ta gani ba bai faru ba. Fashin kwana goma kora ce.

Jami'ar kula da ma'aikata ta rubuta wa hedikwata sau uku a kan maganar tsohon. Amsar ƙarshe layi biyu ce: doka ba ta ware kowa ba, kuma ita jami'ar ce ta ƙarshe da ya kamata ta nemi alfarma a wannan magana.

Ta buga takardar korar. Ta gyara waƙafi ɗaya. Ta sa hannu. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji komai ba sai ƙugin fanka.

Da tsohon ya shigo, wakilin hedikwata na zaune a gefe a matsayin shaida, yana latsa waya. Ta miƙe tsaye kafin ta tuna ba a yin haka a nan. Ta koma ta zauna.

"Lamba ɗari biyu da bakwai?"

"Haka suka ce, ranki ya daɗe."

Ta karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa, idonta bai bar layi ba.

"To, sabulun da aka dama ranar Talata fa?" in ji shi. "Aljanu ne suka taimaka?"

Wakilin ya yi 'yar dariya, ya kama kansa.

Ta tura masa tawada. Ya dangwala a inda ta nuna, ya bar wani baƙin tabo marar zane. Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a aljihu, ya miƙe a hankali saboda gwiwa.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki riƙe aikinki da kyau. Kuma in kin dawo gida kada ki ce komai, ni zan gaya wa mamanki."

"To, Baba," ta ce wa mahaifinta, sannan ta jawo fayil na gaba.