Noti Biyu a Ƙafar Baya

Malam Haladu, ajiye keken tukuna ka samu benci. Kana so in cire maka notin ƙafar baya in sa maɗaurin nan mai ɗan hannu, wanda ake buɗewa da yatsa ƙafa ta fito. Ba ƙi na yi ba, amma bari in ba ka misali.

An yi wani mai dakon ƙwai, kullum da hantsi yana ɗauko kiret goma daga gonar kajin wata hajiya ya raba wa masu shayi da masu shago a cikin birni. Kekensa irin naka ne, ba ya firi: feda da ƙafar baya a haɗe suke, muddin ƙafa tana juyawa dole feda ta juya. Birkin hannu kuwa babu ko ɗaya. In zai tsaya sai ya danne feda baya da ƙarfin cinyarsa, sarƙa ta riƙe ƙafar. Shekara shida yana wannan aiki bai taɓa fasa wa hajiyar ƙwai ba, shi ya sa ba ta ba kowa kayanta sai shi, kuma da dakon nan yake ciyar da iyalinsa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya jira. Hanyarsa ta ratsa layin kafintoci, inda ƙusa ta fi tsakuwa yawa, to duk ranar da taya ta fashe sai ya tsaya a kan mai faci yana tsaki, ana kwance noti yana duba agogo. Rannan ya ga wani keken tsere na gwanjo, an buɗe ɗan hannun nan ƙafa ta zare kafin a ce kwabo. Abin ya shiga ransa. Ya kai wa wani dattijo mai gyara nasa keken don a sa masa irinsa, dattijon ya ce, "Ɗana, wancan keken birkinsa a hannu yake, naka a sarƙa yake. Bar wa noti aikinsa." Mai dakon ya ce a ransa tsoho ne kawai yake tsoron sabon abu, ya tsallaka titi wani ya ɗaura masa.

To ga abin da bai tsaya ya duba ba. Ƙafar irin wannan keke a cikin wata doguwar tsaga take zaune, don a riƙa ja da ita baya har sarƙa ta yi tauri. Ko gaba ka taka ko baya ka danne, sarƙa janyo ƙafar take yi, ba dare ba rana. Noti biyu da aka ɗaure da sifana sun ciji ƙarfe, ba sa sakewa. Ɗan hannun nan kuwa, abin da yatsa ya ɗaure ai cinyar ƙato tana iya gusar da shi. Mako uku mutumin yana jin daɗi, faci minti biyu an gama, har yana yi wa dattijon dariya in ya wuce. Ƙafar kuwa tana matsowa gaba kaɗan-kaɗan, sarƙa tana saki. Wata ranar kasuwa ya biyo gangaren da ke gangarawa mahaɗar titi da kiret goma a kariyar bayan keke, sai ga tirela ta gitta. Ya danne feda baya iyakar ƙarfinsa. Ƙafar ta zame, sarƙa ta faɗi, feda ta riƙa juyawa a banza. Allah ya taƙaita ya karkata kan keken ya faɗa kwalbati. Ƙwai ɗari uku, ko na soyawa ba a tsinta ba, cinyarsa ta karye gida biyu.

Wallahi na tausaya masa, don ba malalaci ba ne. Wata uku yana kwance a hannun mai ɗori. Hajiya ta zo gaida shi har sau biyu, amma kaji ba su daina yin ƙwai ba, masu shayi kuma ba sa jiran mai jinya. Ranar da ya fara takawa da sanda ya je gonar, ya tarar da wani sabon mai dako ya zo da nasa keken, yana ɗaure kiret goma a baya. Shi ya sa Bahaushe ya ce, sauri ya haifi nawa.