Inuwar Tsamiya

"Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" in ji mahaifina, ina tsaka da ba shi kunu.

Tun da tsufa ya fara taɓa masa tunani na ajiye aikina a Kano, na dawo Kafin Maiyaƙi jinyarsa. Ya manta sunana, ya manta hanyar gonarsa, amma bai manta waƙar da ya tsara shekarar da Inna ta rasu ba. Kullum sai ya rera baitin nan:

"Tsamiyar gidana ta faɗi da damina,
Inuwarta ba ta bar tsakar gida ba."

Na daɗe da yi wa baitin fassara. Tsamiyar Inna ce, inuwar kuwa kewarta. Wato ita kaɗai yake gani, duk ɗawainiyar da nake yi.

Ranar dai na kasa daurewa. "Baba, wai mece ce inuwar nan?"

Ya gyara zama kamar mai yi wa baƙuwa bayani. "Tsamiyar matata ce, Allah ya jiƙanta. Inuwar 'yarmu ce. Da aka tashi daga zaman makoki, ita ta ɗora mana tuwo, tana tuƙi tana kuka. 'Yar fari ce, kunya ta hana ni gode mata baki da baki, sai na ɓoye ta a waƙa. In kun haɗu, ki isar min."

Na goge masa baki da gefen mayafina.

"Saƙo ya isa, Baba. Ta ce ita ma ta gode."